Nauyin Tsinke

A kwanar hawa na uku ƙofar ta maƙale. Maza huɗu ne ke ɗauke da ita, biyu ta sama biyu ta ƙasa, Tsinke yana kwance a kanta, an ɗaure shi da zanin gado don kada ya zame. Ƙofar ɗakin barcinsu ce, mai gadi ya ɓalle ta da guduma bayan bargon da suka fara gwadawa ya yage. Matarsa tana biye da su rungume da takalmansa, ita kanta ba ta san lokacin da ta ɗauko su ba.

Sunan Tsinke ya bi shi ne tun yana saurayi, zamanin da yake buga ƙwallo kamar iska za ta ɗauke shi. Yanzu ya haura arba'in, direban tasi ne, kuma da safen nan ya sunkuya zai ɗaura takalmi sai ya kife a gaban gado, bakinsa ya karkace, hannun hagu ya saki. An yi sa'a 'yarsu ta riga ta tafi makaranta. Matar, wadda duk benen ke kira Mai Ɗinki saboda aikinta a kamfanin ɗinka kayan makaranta, ta yi ta jan sa ta kasa motsa ko kafaɗarsa, sannan ta fita tana buga ƙofofin maƙwabta.

Mai gyaran waya, wanda ke riƙe da wajen ƙafafu, ya ce a dakata, bayansa zai karye. Suka jingina ƙofar a kan matakala suna haki. Ya share gumi da gefen riga, ya raɗa wa malamin makarantar da ke kusa da shi cewa yau dai sun ɗauki duk abin da bawan Allahn nan ya ci tun daga yaye. Malamin ya danne dariya. Can sama wasu mata biyu sun leƙo ta kan ƙarfen matakala, ɗaya tana tambayar 'yar'uwarta yadda mutum zai zuba ido jikinsa ya kai haka.

Idon Tsinke a buɗe yake. Mai Ɗinki ta ga hawaye ya gangaro ta gefen da bai shanye ba.

“Kunnensa ƙalau yake,” ta ce. “Idan kun gaji ku ce kun gaji.”

Suka sake cicciɓar ƙofar, suka karkata ta har ta wuce kwanar. A bayan kowa Baba ne ke saukowa, mahaifin Tsinke, wanda ya zo aikin ido ya zauna da su tun watannin baya. Ya doshi tamanin, busasshe kamar sandar da ya ƙi yarda ya riƙe, kuma ko ƙarfen matakala bai dafa ba har ƙasa.

A tasin Tsinke aka sa shi, a kujerar baya, kansa a cinyar matarsa, ƙafafunsa a lanƙwashe don ƙofa ta rufu. Malamin makaranta ne ya ja motar. Sai da ya jawo kujerar direba gaba sosai kafin ƙafarsa ta kai birki, kuma kujerar ta lotsa, ta ɗauki siffar mai ita. Duk inda aka taka birki sai gorunan lemo da aka shanye su gangaro daga ƙarƙashin kujera su bugi ƙafar Mai Ɗinki, tare da ledojin biskit da takardun da maiƙo ya jiƙa.

Ba baƙon abu ta gani ba. Yawanci Tsinke yana fita kafin ta kunna wuta, ba ya dawowa sai abinci ya huce ya sandare. Wayar da ke turo masa fasinja ba ta san lokacin cin abinci ba, idan ya ƙi ɗauka sau biyu sai ta daina turo masa. Abin da aka miƙo masa ta taga a cikin cunkoso shi ne karin kumallonsa, shi ne abincin ranarsa.

Cunkoson kuwa ya tare su tun kafin babban titi. Baba, wanda ke gaba, ya fara magana da gilashin mota. Ya ce shi yana kamar shekarun yaron nan buhu yake saukewa daga manyan motoci tun safe har rana ta faɗi, sannan ya taka zuwa gida. Bai san ƙofar asibiti ba sai da ido ya gaza. Ya ce a duk garinsu mutum ɗaya ne mai ƙiba, wani attajirin yadi, yara har bin sa suke yi suna kallo. Yanzu kuwa a duba titi a gani, manya da yara kowa na jan jiki kamar an hura shi. 'Yan zamani ba su san komai ba sai ci da zama, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Motar ta tsaya daidai inda filin ƙwallo yake a da. Yanzu gidan mai ne a wurin, da shagon soyayyar kaza mai ƙaton allo, an zana cinya tana ɗigar mai, girmanta ya fi mutum. Mai Ɗinki ta cije leɓe. Suruki ne, tun da aka kawo ta gidan ɗansa ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba balle ta mayar masa da magana. Ta sa gefen mayafinta ta goge yawun da ke zuba daga bakin mijinta.

A asibiti keken marasa lafiya da aka fara turowa ya yi masa kaɗan, sai da aka je aka nemo gadon turawa. Ɗamarar awon jini ta ƙi zagaye damtsensa, nas ta tafi neman babba a wani ɗaki. Duk wannan a gaban mutanen da ke zaune a benci, kowa ya bar ciwonsa ya koma kallo. Da aka shige da shi ciki, wata likita matashiya mai jajayen idanun rashin barci ta tsayar da Mai Ɗinki a bakin ƙofa tana yi mata tambayoyi. Ko yana da hawan jini? An taɓa faɗa masa, ya sha magani na ɗan lokaci ya bari. Ciwon suga fa? Ba su sani ba. Yana motsa jiki? Daga mota zuwa gado. Sai likitar ta tambaye ta me take ba shi yana ci.

“Ni ba na ganin sa da rana, likita. Titi ke ciyar da shi.”

Likitar ba ta ji haushi ba. Ta ce ba zargi take yi ba, rabin gadajen ɗakin maza irinsa ne a kwance, waɗanda ko furfura ba su fara ba, alhali malamanta sun ce a da ciwon tsofaffi ne. Ta juya za ta shiga, Mai Ɗinki ta hango kan gorar lemo ya leƙo daga aljihun farar rigarta.

Ta zauna a benci, Baba ya zauna a can ɗaya ƙarshen. Gwiwoyinta suna zugi saboda saukowar benen. Ita ma ba ta tsira ba, ta sani. Rigunan da ta zo da su gidan aure yanzu ko hannunta ɗaya ba zai shiga ba. Tun da ta kama aiki a kamfanin a zaune take wuni a gaban keke, keken ma na lantarki ne, ko ƙafa ba ta motsawa. Hutun rana bai isa a tauna abinci ba, sai burodi da shayi mai zaƙi a kan teburin aiki. Idan ta fito ga layin mota, ga cunkoso, ta isa gida a gajiye ta dafa taliyar leda, don ita ce ke nuna kafin yarinya ta yi barci. Ganye da kifi suna can kasuwar da ke rufewa kafin ta tashi aiki, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin kullum. A wajen aiki ma tana gani da hannunta: girman wandon da a da suke yanka wa 'yan sakandare, yanzu 'yan firamare suke ɗinka wa.

Tana cikin wannan tunani yayar Tsinke ta iso, wadda kowa ke kira Yaya, da jaka a hammata da turarenta mai hawa kai. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta share hawaye, sannan ta juyo kan Mai Ɗinki ba ko sannu. Ta ce dama ta daɗe tana faɗa. Mace ita ce likitar gidanta, amma an samu wadda ba ta iya komai ba sai soye-soye da abincin leda, ta cika ɗan'uwanta da maiƙo har jijiya ta toshe. Ta ce a dubi yarinyar ma yadda ake ƙoƙarin mayar da ita. Baba ya gyaɗa kai ya ce ruwa ba ya tsami banza.

Mai Ɗinki ta ajiye takalman a ƙasa, ta miƙe.

“Yaya, shekarar da aka kawo ni, wa ya tara dangi ya ce ina barin ƙaninta da yunwa, har ana ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga? Ke ce. Da ya fara tumbi wa ya ce yanzu ne ya yi kama da maigida, hutu ya zauna? Ke ce. Yau kuma ni na kashe shi.”

Yaya ta buɗe baki, amma Mai Ɗinki ta riga ta juya wajen tsohon. Karo na farko ke nan da ta dubi tsakiyar idonsa.

“Baba, ka yi haƙuri, yau sai na faɗa. Kun taka da ƙafa don babu mota, ba don kun fi mu hankali ba. Kun ci abin da gona ta bayar don shi ke akwai. Da an ajiye muku lemo mai sanyi a kowace kwana, ya fi ruwan kirki sauƙin samu, da kun sha. Tun da ka zo gidan nan cokali nawa na sukari kake cewa in ƙara maka a shayi? Shi ɗanka aikinsa zama ne. In ya tashi daga kujerar nan me za mu ci? Ina filin da zai yi gudu? Yaushe? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun safe kuke awon cikinsa, ba wanda ya tambayi yadda yake wuni.”

Wata nas ta leƙo ta ce a rage murya, nan asibiti ne. Yaya ta riƙe haɓa tana cewa yau ta ga rashin kunya ido da ido, suruki guda ake faɗa wa haka a bainar jama'a.

Baba ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Da ya yi magana ba sanyi a muryarsa, fushi ne irin na surukarsa.

“Ke yarinya, kin san shekarar yunwa? 'Ya'ya biyu na binne kafin wannan, cikinsu ba komai. Na yi rantsuwa wannan ba zai kwana da yunwa ba, ba zai ɗauki buhu a ka ba. Wuyana ya ƙage a ƙarƙashin kaya don ya koyi mota ya zauna a inuwa.” Ya nuna ƙofar da aka shige da ɗansa. “To, ga shi ya zauna. Wa zan kama?”

Ya mayar da fuskarsa bango. Mai Ɗinki ta koma ta zauna, fushin bai ragu ba, sai dai ya rasa inda zai sauka. Yaya ta fita waje da waya a kunne, ana jiyo ta tana ba dangi labari tun daga farko.

Rana ta take sosai kafin likitar ta fito. Ta ce an ci sa'a an kawo shi da wuri, ransa ba ya cikin haɗari yanzu, amma ɓarin hagu zai ɗauki lokaci, kuma kada a sa ran tuƙi nan kusa. Sukarin jininsa ma ya hau. Idan an sallame shi dole ya rage nauyi sosai: tafiya a ƙafa kullum, ganye, kifi, 'ya'yan itace, a bar zaƙi da maiƙo, a samu isasshen barci, a rage damuwa. Mai Ɗinki ta tambaye ta a ina ake sayar da wannan rayuwar. Likitar ta yi ɗan murmushin gajiya ta ce idan ta gano wurin ta zo ta faɗa mata.

Aka bar su suka shiga su gan shi. Yana kwance da robar ruwa a hannu, gadon ya yi masa ƙunci. Ya yi ƙoƙarin magana, harshen ya ƙi, sai da ta kai kunne bakinsa ta gane yana tambayar ko an kulle motar. Ta ce an kulle. Baba ya ja kujera ya zauna a gefen gadon, ya ɗora tafin hannunsa a kan hannun da ya shanye, bai dubi surukarsa ba. Ya dai ce wa iska lokacin tashin makaranta ya yi, kada a bar jikarsa a titi.

A hanya wayarta ta yi ƙara. Shugabar ɗakin ɗinki ce, ta yi mata jaje a gurguje, sannan ta tambaya ko za a gan ta gobe, don aiki ya taru kuma kekenta ba zai zauna ba kowa ba. Mai Ɗinki ta kashe wayar ba ta amsa ba.

Ta isa ƙofar makarantar ana tashi. Masu tebura sun jeru tun daga bakin ƙofa har kwana, alewa kala-kala, biskit, lemon leda mai rina harshe, da wata mata da ke tsamo dankali daga baƙin mai. Yara sun yi musu dafifi. Ta hango 'yarta a cikinsu, Auta, wadda ake kira haka ko da yake ita kaɗai Allah ya ba su. Shekararta goma sha ɗaya, rigar makarantar da uwar ta buɗe wa gefe da hannunta a farkon zango ta sake kama ta a hammata. Tana tsaye da ƙawayenta tana dariya, leda mai maiƙo a hannu ɗaya, lemo a ɗayan.

Mai Ɗinki ba ta san lokacin da ta isa gare ta ba. Ta doke ledar, dankalin ya watse a ƙasa, ta fizge lemon ta wurga a kwata. Ƙawayen suka ja da baya. Wani daga cikin yaran ya ƙyalƙyale da dariya ya ce an hana buhu cika, wasu suka taya shi. Auta ta tsaya da hannu a buɗe, maiƙo na ƙyalli a yatsunta, ta dubi uwarta, ta dubi ƙasa.

Uwar ta kama wuyan hannunta ta ja. Motar da ke kai su unguwa tana tsaye tana lodi, ta wuce ta. Ta ce daga yau a ƙafa za su riƙa komawa.

Titin ba shi da wurin masu tafiya a ƙafa. Inda ya kamata a taka, masu shaguna sun baje kaya, wasu sun ajiye motoci, sai suka riƙa bin ɗan siririn wuri tsakanin kwata da tayoyi. Babura na wucewa suna gogar jakar yarinyar, hayaƙi na shiga musu hanci. Mai Ɗinki tana gaba tana sauri kamar ana bin ta, cinyoyinta na gogar juna, numfashinta na fita da ƙara, amma ba ta sassauta ba. Tana tafe tana faɗa, ba ta ma san da wa take yi ba: da Yaya, da mai gyaran waya, da allon kaza, da wayar da ke turo fasinja. Ba su yi nisa ba ta ji hannun da take riƙe da shi ya yi nauyi.

Auta ta tsaya a gindin wata fitilar titi, ta dafe ciki tana haki. Jakar littattafai ta ja kafaɗunta baya, gumi ya jiƙa wuyan rigar. Ba ta yi kuka a gaban ƙawayenta ba, sai yanzu hawayen suka zubo.

“Mama, laifin me na yi? Ke kika ce in saya in ci, ba kya gida da rana.”

Mai Ɗinki ta saki hannunta. Sai a lokacin ta tuna yarinyar ba ta san komai ba. Da safe ta bar babanta yana shan shayi yana tsokanarta, kuma har yanzu a wajenta yana can cikin gari yana tuƙi.

Ta sunkuya ta zare jakar daga kafaɗun yarinyar ta rataya a nata. Ta goge mata yatsu ɗaya bayan ɗaya da gefen mayafi, ta mayar da ita ɓangaren kwata, ita ta koma ɓangaren motoci. Wata bas ta rage gudu a gefensu, kwandasta na kiran unguwarsu. Auta ta ɗaga ido ta dube ta. Uwar ta girgiza wa kwandastan kai, motar ta wuce.

“Ba ki yi laifin komai ba,” ta ce. “Mu tafi a hankali, in kin gaji mu tsaya. Akwai maganar da zan faɗa miki game da Babanki.”